Sadarwa Inda Babu Ƙarfen Sabis: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso wannan fili a kan batu guda, wato yadda wayoyi da sauran na'urori ke iya sadarwa a tsakaninsu ba tare da sun bi ta ƙarfen sabis ko wata cibiya ba. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita kalmominsu, domin kowace ta taɓo wani gefen da sauran ba su taɓo ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji ana cewa wayoyin hannu suna iya aika wa juna saƙo ko da babu sabis, babu layi, babu data. Shin gaskiya ne, ko zuƙi-ta-malle ce irin ta masu talla? Idan gaskiya ne, ta ina saƙon yake bi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya ne, amma ba za a gane abin da kyau ba sai an fara duba sadarwar da muka saba da ita. Idan ka kira mutumin da ke zaune a gefenka, muryarka ba ta tafiya kai tsaye zuwa wayarsa. Sai ta fara hawa ƙarfen sabis mafi kusa, ta wuce cibiyar kamfanin sadarwa, sannan ta dawo ta ƙarfen sabis ta sauka a wayarsa. Haka ma kwamfutoci biyu da ke kan Wi-Fi ɗaya, duk abin da za su gaya wa juna sai ya ratsa ta rauta, wato akwatin da ke raba Wi-Fi ɗin. Ke nan akwai wata uwa a tsakiya da kowa ya dogara da ita, kuma ranar da ta faɗi sai kowa ya yi shiru, alhali kowace waya lafiyarta ƙalau, rediyon da ke cikinta ma yana aiki.

Tsarin da kake tambaya a kansa ya cire wannan uwa. Masana suna kiransa da taƙaitaccen sunansa, MANET, kuma a cikin cikakken sunan, wato "mobile ad hoc network", akwai kalmomin Latin guda biyu, "ad hoc", masu ma'anar abin da aka haɗa domin buƙatar da ta taso. Ni zan kira shi sadarwar karɓi-ka-miƙa, domin abin da ke faruwa ke nan: kowace na'ura tana aika nata saƙon, tana karɓar wanda aka aiko mata, kuma tana ɗaukar na wasu ta miƙa shi gaba. Ka ɗauka mutum huɗu ne suka jeru a fili, tsakanin kowane da na kusa da shi mita 80, rediyon kowannensu kuma ba ya wuce mita 100. Tsakanin na farko da na huɗu akwai mita 240, don haka ba sa jin juna. Amma na farko zai miƙa wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, na uku ya sadar da shi ga na huɗu. Saƙon ya yi zango uku ke nan, kuma cikin ƙiftawar ido ya isa. Ba ya tafiya a dunƙule, ana yanka shi ƙanana-ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda za shi.

Abu uku ne suka bambanta wannan tsari da sauran. Babu cibiya, babu wanda ya zauna ya tsara wa zai haɗu da wa, kuma na'urorin suna yawo. Na ukun shi ne mai wuyar, domin idan mutum na biyu ya tashi ya yi gaba, igiyar ta tsinke, dole ragowar su nemo wata hanya da kansu ba tare da mai waya ya taɓa komai ba.

Akwai kuma wata hikima ta kimiyyar rediyo a cikin gajerun zango. Ƙarfin sigina yana raguwa da sauri yayin da nisa ke ƙaruwa: a sararin da babu shinge, ninka nisa sau biyu yana buƙatar ninka ƙarfin aikawa sau huɗu, a kusa da ƙasa kuwa yakan kai har sau 16. Saboda haka gajerun zango biyu sukan fi dogon zango ɗaya sauƙin ƙarfin aikawa.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1971 Jami'ar Hawaii ta kafa ALOHAnet, wadda ta nuna cewa ana iya aika ƙunshin bayanai ta rediyo, ko da yake ita tana da cibiya. A 1973 hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta fara shirin PRNET domin sojojin da ke tafiya a inda babu turakun sadarwa, kuma a 1977 aka haɗa shi da ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta gabaci intanet, da wata hanyar tauraron ɗan'adam a gwajin da ya zama ɗaya daga cikin tubalan intanet. Shirin SURAN, wanda ya ɗora a kan aikin PRNET, ya biyo baya a 1983. Abin ya ƙara fitowa fili ga farar hula a 1997, shekarar da ƙa'idar IEEE 802.11, wadda Wi-Fi ya ginu a kanta, ta fito da yanayin haɗa na'ura da na'ura kai tsaye, kuma ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta kafa kwamiti na musamman a kan MANET.

Tambaya: Malam, ni ɗalibar injiniyanci ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan babu cibiya kuma kowa yana motsi, ta yaya na'ura ke sanin wanda za ta miƙa wa saƙo a cikin maƙwabtanta? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, kin taɓo zuciyar batun, domin mafi yawan binciken da aka yi a wannan fanni tun daga shekarun 1990 a kan wannan tambaya taki aka yi shi. Amsoshin da aka samu sun kasu manyan gida biyu.

Gida na farko ya ce a san hanya tun kafin a buƙace ta. Kowace na'ura tana riƙe da jadawalin hanyoyin zuwa ga kowa, tana kuma sabunta shi ba dare ba rana. Ƙa'idar neman hanya mai suna DSDV, wadda Charles Perkins da Pravin Bhagwat suka gabatar a 1994, tana cikin na farko-farko, amma wadda ta fi shahara ita ce OLSR, da ta fito daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa, IETF kuma ta wallafa ta a 2003. A OLSR kowace na'ura tana yin sallama ga maƙwabtanta duk daƙiƙa biyu, tana faɗin sunayen waɗanda take ji. Da haka kowa ke sanin maƙwabcinsa da maƙwabcin maƙwabcinsa. Dabararta mafi kyau ita ce, maimakon kowa ya maimaita duk sanarwar da ya ji, kowace na'ura tana zaɓar 'yan kaɗan daga maƙwabtanta, waɗanda ta hanyarsu za ta iya kaiwa ga duk wanda ke zango biyu daga gare ta, su kaɗai ne ke maimaita sanarwarta. Wannan yana rage hayaniya ƙwarai. Amfanin wannan gida shi ne saƙo ba ya jira, hanya tana nan a shirye. Illarsa kuwa ita ce ana ta kashe batir da sararin iska wajen kula da hanyoyin da wataƙila ba za a taɓa bi ba.

Gida na biyu ya ce kada a nemi hanya sai an tashi tafiya. Misalinsa shi ne AODV, wadda ita ma aka wallafa a 2003, kuma Perkins na cikin waɗanda suka tsara ta. Idan na'ura tana da saƙo ga wadda ba ta san hanyarta ba, sai ta yi cigiya ga duk maƙwabtanta. Kowane maƙwabci ya rubuta daga bakin wa ya ji cigiyar, sannan ya maimaita ta ga nasa maƙwabtan, har ta isa ga wadda ake nema ko ga wata da ta san sabuwar hanya zuwa gare ta. Daga nan amsa za ta biyo sawun cigiyar ta koma baya, kuma duk inda ta ratsa sai a rubuta cewa ga ta inda ake bi. Idan daga baya wata na'ura a tsakiya ta ɓace, maƙwabciyarta ta ɓangaren mai saƙo za ta aika sanarwar tsinkewar hanya, mai saƙo ya sake cigiya. Domin kada tsohon labari ya rinjayi sabo, ko saƙo ya riƙa zagaye a wuri ɗaya, kowace na'ura tana da lambar da take ƙarawa lokaci zuwa lokaci, kuma hanyar da ke ɗauke da lamba mafi girma ita ake ɗauka sabuwa. 'Yar'uwarta DSR, wadda David Johnson da David Maltz suka tsara a Jami'ar Carnegie Mellon, ta bi wani salo: mai aikawa yana rubuta sunayen duk zangon a goshin kowane ƙunshi. A wannan gida babu ɓarna idan kowa ya yi shiru, amma saƙon farko yana jiran cigiya ta je ta dawo, kuma idan masu cigiya suka yi yawa a lokaci guda iska takan cika da maimaici.

Masu gina hanyoyin sadarwa na al'umma a Jamus, 'yan ƙungiyar Freifunk, sun fito da wata ƙa'ida mai suna B.A.T.M.A.N. bayan sun daɗe suna aiki da OLSR, kuma ta shiga cikin manhajar Linux a 2011. A cikinta babu na'urar da ke wahalar da kanta da sanin dukan taswira. Abin da kowace ke riƙewa kawai shi ne, idan ana son kaiwa ga wance, wane maƙwabci ne ya fi dacewa a miƙa wa.

Wani darasi da aka koya da wuya, wanda nake so ki riƙe, shi ne hanya mafi ƙarancin zango ba lallai ta zama mafi kyau ba. Ƙarancin zango yana nufin dogayen zango, dogon zango kuma yana nufin sigina mai rauni da yawan faɗuwar ƙunshi. A 2003 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka gabatar da ma'aunin ETX, wanda ke ƙiyasta sau nawa za a aika ƙunshi kafin ya isa lafiya, kuma da shi aka ga cewa gajerun zango huɗu masu ƙarfi kan fi dogaye biyu masu rauni sauri. Idan kika tambaye ni wane gida ya fi, sai in ce ya danganta da taron: inda na'urori ke yawan magana kuma ba sa yawan motsi, gida na farko ya fi dacewa, inda kuwa magana jefi-jefi ce kuma batir na da tsada a wurin na'ura, na biyu ya fi.

Tambaya: Malam, ashe ba shi ne abin da muke yi kullum ba idan muka kunna hotspot ko muka tura fim ta Xender ko Bluetooth? Daga wani matashi.

Amsa: Dangi ne, amma ba ɗaya ba ne. Idan ka kunna hotspot wayarka ce ta zama ƙaramar cibiya, kowa ya rataya a jikinta, kuma idan ka tafi taron ya watse. Tura fayil tsakanin waya biyu kuwa zango ɗaya ne tak, babu ta ukun da ke ɗaukar kaya ta miƙa gaba. Sai an sami miƙawa daga hannu zuwa hannu, da neman hanya ba tare da sa hannun mutum ba, sannan a kira shi MANET. Dangin da ya fi kusa shi ne tsarin raga da ake kafawa da rautoci a gidaje ko a kan rufin gine-gine, irin guifi.net da aka fara a yankin Kataloniya na Sifen a 2004. Shi ma yakan miƙa saƙo zango-zango, sai dai na'urorinsa a kafe suke kuma suna da wutar lantarki, don haka ya tsira daga mafi yawan wahalar da motsi ke jawowa.

Tambaya: Malam, idan har wayoyi na iya wannan aiki da kansu, me ya hana a yi watsi da kamfanonin sadarwa kowa ya huta? Ko dai kamfanonin ne suka danne fasahar? Daga wani mai sana'ar gyaran waya.

Amsa: Malam, na fahimci abin da ya sa ka yi wannan zato, amma babban abin da ya tare hanya yana cikin ɗabi'ar rediyo ne da lissafi, kuma ya kamata a faɗe shi dalla-dalla.

Iska ɗaya ce kowa ke magana a cikinta. Rediyon da ke cikin waya ba ya aikawa da karɓa a lokaci guda a kan mitar rediyo ɗaya, kuma idan na'ura tana magana dole maƙwabtanta su yi shiru. Saboda haka na'urar da ke tsakiya sai ta saurara tukuna sannan ta maimaita, wanda ke sa saurin da aka samu a zango ɗaya ya koma kusan rabi a zango biyu, ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku a zango uku, ya ci gaba da raguwa kafin ya daidaita a ƙasa. Ga kuma matsalar ɓoyayyen maƙwabci, wadda Leonard Kleinrock da Fouad Tobagi suka yi nazarinta tun 1975: na'urori biyu da ba sa jin juna, amma dukansu suna jin wata ta tsakiya, kowace za ta ɗauka fili a buɗe yake, su yi magana tare, ta tsakiyar ta kasa gane ko ɗaya. Wi-Fi yana da dabarar neman izini kafin aikawa domin rage wannan karo, amma neman izinin shi ma yana cin lokaci.

Da mutum zai ce ai yawan na'urori zai magance komai, sai lissafi ya nuna akasin haka. A 2000 Piyush Gupta da P. R. Kumar na Jami'ar Illinois suka tabbatar da cewa, idan kowa yana iya son magana da kowa a ko'ina cikin taron, rabon kowace na'ura yana raguwa yayin da taron ke girma. A taƙaice, idan yawan na'urori ya ninka sau 100, rabon kowace zai ragu kusan sau 10 ko fiye. Dalilin a fili yake: hanyoyi suna ƙara tsawo, kowace na'ura kuma tana ƙarar da lokacinta wajen dakon kayan wasu. Ƙarfen sabis yana kauce wa wannan ne domin zango ɗaya kawai saƙo ke yi a iska, daga nan ya shiga igiyar gilashi ko wata babbar hanya mai ɗaukar kaya masu yawa.

Sai batun batir. Wayar da ke dakon saƙon wasu ba ta samun barci, alhali barcin rediyo shi ne sirrin daɗewar caji, kuma wadda ta faɗo a tsakiyar taro ita ke fara mutuwa domin kowa ta kanta yake bi. Daga nan wata tambaya ke tasowa wadda ta shafi halin ɗan'adam: me zai sa mutum ya yarda cajinsa ya ƙare saboda saƙon wanda bai sani ba? A rundunar soja ko ayarin masu ceto wannan ba matsala ba ce, domin na'urorin duk na hukuma ɗaya ne. A cikin jama'a kuwa matsala ce babba. Haka kuma idan mutane suka yi ƙaranci a wuri igiyar ba ta haɗuwa sam, tunda Wi-Fi na waya ba ya wuce kimanin mita 100 a fili, Bluetooth kuma yawanci bai kai haka ba.

Kada kuma a manta cewa wannan tsari ba ya haifar da intanet daga babu. Yana haɗa waɗanda ke cikinsa ne kawai. Idan ana son fita waje dole a sami aƙalla na'ura ɗaya mai hanyar fita, ta tauraron ɗan'adam ko ta ƙarfen sabis, kowa ya bi ta ƙofarta. Inda zatonka ke da ɗan ƙamshin gaskiya shi ne, manhajojin da ke tafiyar da wayoyi ba su buɗe wa masu ƙirƙira yanayin haɗin kai tsaye na asali da ke cikin Wi-Fi ba, shi ya sa manhajojin irin wannan saƙo ke lallaɓawa ta Bluetooth da Wi-Fi Direct. Amma ko da an buɗe shi gobe, lissafin da na ambata yana nan daram.

Tambaya: Malam, ina aikin agajin gaggawa. A ina ake amfani da wannan fasaha a zahiri, ba a takarda ba? Daga wata ma'aikaciyar agaji.

Amsa: Hajiya, ana amfani da ita a duk inda turaku babu su, ko sun faɗi, ko ba za a iya jiran kafa su ba. Soja ne suka fara kuma har yau su ne manyan masu amfani da ita, inda rediyon da ke jikin soja da na mota da na jirgi marar matuƙi ke haɗuwa su zama raga ɗaya mai tafiya tare da runduna, kuma faɗuwar guda ba ta kashe sauran.

Fanninki shi ne na biyu. Girgizar ƙasar Haiti ta 2010 ce ta zaburar da Paul Gardner-Stephen na Jami'ar Flinders a Ostareliya ya fara shirin Serval, domin wayoyi su iya kira da aika saƙo a tsakaninsu bayan turaku sun rushe. A 2012, lokacin da guguwar Sandy ta afka wa birnin New York, ragar Wi-Fi ta al'ummar unguwar Red Hook ta ci gaba da yi wa mazauna aiki, aka kuma ƙara mata hanyar fita ta tauraron ɗan'adam. Ita kafaffiya ce ba mai yawo ba, amma ta nuna abin da nake yawan nanatawa, cewa ragar da ta yi amfani ranar masifa ita ce wadda aka kafa aka saba da ita tun kafin masifar. A ƙarƙashin ƙasa ma, inda sigina ba ya ratsa dutse, ana ajiye ƙananan rediyo a kowace kwana domin su miƙa wa juna. A gasar da DARPA ta kammala a 2021, mutum-mutumin da aka tura cikin ramuka sun riƙa sauke irin waɗannan rediyo a bayansu yayin da suke kutsawa ciki.

Akwai kuma motoci. Ƙa'idar IEEE 802.11p ta 2010, mai aiki a kan mita gigahaz 5.9, an yi ta ne domin mota ta sanar da na kusa da ita wurinta da saurinta, ko ta gargaɗi na baya cewa ta taka birki da ƙarfi, domin a irin wannan hali ba a da lokacin zagayawa ta cibiya. Ƙananan na'urorin auna zafi da danshi da motsi a gonaki da masana'antu su ma suna miƙa wa juna bayanai, kuma ƙa'idar Zigbee, wadda ke cikin fitilu da makullan gidaje na zamani, ta aro dabararta ta neman hanya daga AODV.

Wanda ya fi burge ni shi ne reshen da ya haƙura da samun cikakkiyar hanya a lokaci guda. A nan na'ura tana ajiye saƙo a cikinta, ta yi yawo da shi, sai ta gamu da wata sannan ta miƙa. A 2004 masu bincike daga Jami'ar Princeton suka gwada shirin ZebraNet a Kenya, inda suka ɗaura wa jakunan dawa abin wuya mai rediyo, wanda aka tsara domin bayanan yawonsu su riƙa tsallakawa daga dabba zuwa dabba har su iso hannun masu binciken. Ga mai aiki irin naki kuma, akwai ƙananan rediyon LoRa masu tafiya da manhajar Meshtastic, waɗanda ke kai kilomita da dama a zango guda da ɗan batir kaɗan. Gajeren rubutu da bayanin wurin da mutum yake kawai suke iya ɗauka, ba hoto mai motsi ba, amma a wurin ceto sau da yawa wannan ɗin ake nema. Sai dai a binciki dokar mitar rediyo ta ƙasar da za a yi aikin kafin a kunna su, domin mitar da aka halatta ta bambanta daga yanki zuwa yanki.

Tambaya: Malam, tunda saƙona zai ratsa wayoyin mutanen da ban sani ba, me zai hana su karanta shi? Wasu kuma suna cewa wannan hanya ta fi sirri domin babu kamfani a tsakiya. Wanne ne gaskiya? Daga wani ɗan jarida.

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma maganar cewa rashin kamfani daidai yake da sirri kuskure ne mai haɗari. Rediyo a iska yake magana, duk mai na'urar saurare a kusa yana ji, kuma kowane zango hannun wani ne. Abin da ke kare saƙo shi ne a kulle shi tun daga wayar mai aikawa ta yadda wayar mai karɓa kaɗai ke da mabuɗin, masu dako su ɗauki abin da ba za su iya buɗewa ba. Ba kowace manhaja ke yin haka ba, kuma ba kowace mai da'awar yi ke yin sa daidai ba. Manhajar FireChat ta yi suna a zanga-zangar Hong Kong ta 2014, alhali zaurukan hirarta a buɗe suke ga duk wanda ke kusa. Bridgefy ta yi irin wannan suna a can a 2019, amma a 2020 masu bincike daga Royal Holloway ta Jami'ar Landan suka nuna cewa ana iya bin sawun masu amfani da ita, a yi sojan gona da sunansu, a kuma karanta saƙonninsu, abin da ya sa kamfanin ya sauya tsarin kullensa daga baya.

Ko an kulle saƙo, ita kanta hanyar tana da rauni, domin ƙa'idojin farko an gina su ne bisa zaton kowa mai gaskiya ne. Muguwar na'ura tana iya amsa kowace cigiya da cewa ita ce ke da hanya mafi kusa, saƙonni su kwararo gare ta ta haɗiye su. Wasu biyu na iya haɗa baki su ɗauki sallama daga wannan gefe su sake ta a wancan gefe, har na'urorin da ke nesa su zaci maƙwabtan juna ne. Guda ɗaya kuma na iya shiga da sunaye barkatai ta zama kamar jama'a. Maganin waɗannan shi ne sa hannu na lissafi a kan sanarwar hanya, amma sa hannu yana buƙatar wanda zai tabbatar da cewa mabuɗin wane na wane ne, wato aikin da cibiya ta saba yi. Ayarin da ya san junansa yana warware wannan ta hanyar raba mabuɗai tun kafin a fita aiki. Manhajar Briar ta bi irin wannan tafarki, inda mutum biyu da suka haɗu ido da ido ke ɗaukar hoton lambar QR da ke fuskar wayar juna domin tabbatar da mabuɗansu.

Abu na ƙarshe da kulle ba ya ɓoyewa shi ne cewa kana magana. Wayar da ke sallama ga maƙwabta duk bayan 'yan daƙiƙu tana sanar da kasancewarta a wurin, kuma mai kayan aiki yana iya gano inda siginar ke fitowa, ya kuma lura da wace waya ke yawan kusantar wace. Saboda haka, ga mai aiki irin naka, shawarata ita ce ka zaɓi manhajar da masana masu zaman kansu suka bincika suka wallafa sakamakon, ka sauke ta tun akwai intanet domin saukar da ita kan yi wuya bayan an rasa shi, ka haɗu da abokan aikinka ku yi musayar mabuɗai ku kuma gwada nisan da take kaiwa a irin wurin da za ku yi aiki, sannan ka kashe Bluetooth da Wi-Fi a duk lokacin da ba ka buƙatar a san kana wurin.